Tarihin Yohan Sebastiyan Bak, Malamin Yara Masu Koyon Kiɗa

Yau za mu kawo muku tarihin wani mutumin ƙasar Jamus wanda ya rasu tun shekarar 1750, amma har gobe ba a rufe littattafansa ba a makarantun kiɗa na duniya. Sunansa Yohan Sebastiyan Bak, Jamusawa kuwa suna rubuta shi Johann Sebastian Bach. Turawa sun ɗauke shi ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa da aka taɓa yi a ƙasashensu. Mu abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne malantarsa. A ganinsa, yaron da aka zaunar gaban abin kiɗa don ya koyi kaɗa abin da wasu suka tsara, ya kamata tun da farin a soma nuna masa hanyar tsara nasa. A kan ƴaƴan cikinsa ya fi gwada wannan, kuma takardun da ya yi musu darasi da su suna nan har yanzu, ana ganin rubutun uba da na ɗa cikin littafi guda.

Kafin mu shiga labarin sai mun ɗan share fage. Kiɗan Turawa rubuta shi ake yi. Ana jan layi biyar-biyar a takarda, a ɗiɗɗiga alamomi bisa layin ko tsakaninsu, kowace alama tana nuna sautin da za a fitar da tsawon lokacin da za a riƙe shi. Saboda haka wanda ya iya wannan karatu zai iya kaɗa abin da wani ya tsara shekara ɗari uku da suka wuce, ko da bai taɓa jin sa da kunne ba. Piyano kuwa wani babban akwati ne mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, da jerin madannai farare da baƙaƙe a gaba. In an danna ɗaya sai wata ƴar guduma ta bugi tsirkiya. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeyo Kiristofori ya ƙago shi a birnin Filorans wajen shekarar 1700, amma sai bayan rasuwar Bak ya bazu. A zamaninsa kakannin piyano ake kaɗawa cikin gidaje, wato kilabsan da kilabikord, a majami'u kuma akwai ogan, mai manyan bututai waɗanda iska ke busawa. Dukansu jerin madannansu iri ɗaya ne, shi ya sa darussan Bak suka koma kan piyano yadda suke.

Maraya a gidan makaɗa

An haifi Bak ran 21 ga watan Maris na shekarar 1685 a garin Aizanak, cikin yankin Turinjiya, a tsakiyar Jamus. Shi ne auta cikin ƴaƴa takwas. Ubansa, Yohan Amburoziyus, shi ne shugaban makaɗan gari. Kiɗa gado ne a gidan tun kaka da kakanni. A shekarar 1735 Bak da kansa ya zauna ya rubuta asalin zuriyarsu, ya lissafa maza 53, kusan dukansu makaɗa ne, ya kai har ga wani kakansu mai suna Fait, mai gasa burodi, wanda yakan riƙa kaɗa ƴar garayarsa yayin da dutsen niƙa ke juyawa. A birnin Erfurt har sunan gidan ya zama sunan sana'ar, kowane makaɗin gari sai a ce da shi Bak.

Yana da shekara tara uwarsa ta rasu, a 1694. Ba a yi shekara ba ubansa ya bi ta, a watan Fabrairu na 1695. Sai babban wansa, Yohan Kiristof, mai kaɗa ogan a garin Ordiruf, ya ɗauke shi riƙo, shi ne kuma ya ɗora hannunsa a kan madannai. Akwai wani labari na wannan zamani wanda ɗan Bak ya rubuta bayan rasuwar uban. Wan yana da wani littafi na kiɗan manyan gwanaye wanda ya hana yaron taɓawa, ya kulle shi cikin kabad mai ƙofar raga. Yaron yakan zura ɗan hannunsa ta ragar da dare, ya naɗe littafin ya zaro shi, ya yi ta kwafa da farin wata, don ba a ba shi fitila. Wata shida ya yi yana wannan aiki. Da wan ya gane sai ya ƙwace kwafin.

Ko da an ƙara wa labarin gishiri, asalinsa gaskiya ne: da kwafar aikin magabata Bak ya koyi tsara kiɗa. A shekarar 2006 masu bincike suka bayyana waɗansu takardu da aka samu a wani ɗakin ajiyar littattafai na birnin Waimar, rubutun hannunsa ne tun yana yaro, inda ya kwafi kiɗan ogan mai wuyar gaske na manyan gwanaye biyu, Bukstehude da Rainken. Ɗaya daga cikin takardun tana ɗauke da shekarar 1700. A wannan shekara ce, yana ɗan shekara 15, ya tafi makaranta a garin Lunebur, can arewa, inda aka ɗauke masa kuɗin karatu da na abinci saboda yana waƙa cikin ƙungiyar mawaƙan majami'a.

Samartaka da zafin rai

A 1703, yana da shekara 18, aka ba shi aikin kaɗa ogan a garin Arnishtat. Gwaninta dai ba wanda ya yi masa musu, amma malantarsa ta farko ba ta yi kyau ba ko kaɗan. An haɗa shi da ɗaliban gari, waɗansu ma sun girme shi, don ya riƙa shirya su waƙa da kiɗa, shi kuwa ba shi da haƙuri da wanda bai iya ba. A watan Agusta na 1705 ya ci mutuncin wani ɗalibi mai busa, mai suna Gayasbak, a gaban ƴan'uwansa. Ɗalibin ya tare shi da dare a dandalin kasuwa riƙe da sanda, Bak ya zare takobinsa, sai da mutane suka raba su. Da aka je gaban hukumar majami'a, shi ma aka ja masa kunne, aka ce ya koyi zama da ɗalibai yadda suke.

Cikin wannan shekara ya nemi izinin sati huɗu, ya tafi da ƙafa har birnin Lubek, tafiyar wajen kilomita 400, don ya ji kiɗan tsoho Bukstehude. Bai komo ba sai bayan kusan wata huɗu. Hukuma ta sake kiran sa a watan Fabrairu na 1706, ta tuhume shi da daɗewa, ta kuma ƙara da cewa yana cusa baƙin sautuka cikin waƙoƙin ibada har jama'a na rikicewa. Zama bai yi daɗi ba, ya koma Mulhauzan a 1707, a wannan shekara kuma ya auri ƴar'uwarsa ta dangi, Mariya Barbara. A 1708 ya sami aiki a fadar sarkin Waimar.

Shekara tara ya yi a Waimar. A nan aka haifi manyan ƴaƴansa maza biyu, Wilhelm Firidiman a 1710 da Karl Filib Emanuwel a 1714. A nan kuma ya ci gaba da koya wa kansa ta hanyar da ya saba. Wajen 1713 kiɗan Ba'italiyen nan Bibaldi ya iso fadar, Bak ya ɗauki abin da aka tsara domin taron masu goge, ya sake masa zubi yadda mutum ɗaya zai kaɗa shi da hannu biyu bisa madannai. Wanda ya kwance tufa ya sake ɗinka ta ya san inda kowace allura ta bi. Ya soma kuma wani ƙaramin littafi domin masu koyon ogan, ya tanadi shafuffuka na waƙoƙi 164, amma 46 kaɗai ya samu ya rubuta. A ƙarshen 1717 ya matsa sai an sallame shi ya koma wata fada, sarkin ya husata ya sa aka kulle shi gidan kaso daga 6 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba. Da aka sake shi ya kwashi iyalinsa sai garin Ketan, inda wani saurayin sarki mai son kiɗa, Lewofold, ya naɗa shi sarkin makaɗan fada.

Kundin Firidiman

A nan Ketan ne aka yi abin da ya sa muka kawo wannan tarihi. Ran 22 ga Janairu na 1720, Bak ya ɗauki wani sabon littafin rubutu, ya sa kwanan wata da sunan ɗansa Firidiman, wanda a lokacin yake da shekara tara. Wannan kundi yana ƙunshe da kiɗa fiye da sittin, kuma wanda ya bi shi shafi-shafi kamar ya zauna ne a ɗakin yana kallon darasi.

Shafi na farko sunayen alamomin sauti ne. Na biyu jadawali ne na adon kiɗa iri 13, wato ƴan karkaɗe-karkaɗen da makaɗi ke yi wa sauti, kowanne da alamarsa a sama da fassararta a ƙasa. Daga nan sai wani ɗan gajeren kiɗa wanda uban ya rubuta lamba bisa kowace alama don nuna yatsan da za a danna da shi. Har nan dai ba wani abin mamaki, haka kowane malami yake somawa.

Abin lura yana gaba. Ba a yi nisa ba sai a tarar da kiɗan rawa guda biyu, irin wanda ake kira alamand, waɗanda masu bincike ke ganin yaron ne ya tsara su, uban yana duba masa. Akwai wani ɗan kiɗan share fage da Bak ya rubuta, can gaba kuma sai ga shi ya sake fitowa da rubutun Firidiman, an jujjuya gaɓoɓinsa an sake musu jeri, alamar an ba yaron kayan gini ne aka ce ya tada nasa ɗaki. Akwai kuma wani wanda daga baya ya zama mashahuri ƙwarai, an rubuta farkonsa dalla-dalla, sauti bayan sauti, sa'an nan sauran sai aka dunƙule sautukan aka tara su bisa juna, aka bar wa yaron ya warware su da kansa bisa misalin da ya gani a sama. Cikin kundin har da kiɗan waɗansu mutane dabam, irin su Teleman da Ishtolzel, waɗanda aka sa yaron ya kwafa. A ƙarshen na Ishtolzel uban ya ƙara wani sashe nasa, kamar mai nuna yadda ake ɗora magana bisa maganar wani ba tare da ta yi karo ba.

Wajen ƙarshen kundin akwai jerin darussa masu murya biyu, guda 15, da waɗansu masu murya uku. Murya a nan tana nufin layin kari guda wanda ke tafiya da kansa. A darasi mai murya biyu, hannun dama yana da nasa kari, hannun hagu yana da nasa, ba wanda yake baran wani. Mu ɗauki na farko. Gaɓa 22 ne kacal, ana kaɗa shi cikin ɗan abin da ya wuce minti guda. Hannun dama ya fara da wani guntun kari wanda bai wuce sauti takwas ba. Kafin ya yi nisa hannun hagu ya amsa da shi daga ƙasa. Sa'an nan a kifar da guntun, inda ya hau ya sauka, inda ya sauka ya hau. A ɗauki rabinsa a ja shi da tsawo. A ɗaga shi zuwa wani mataki, a sake saukar da shi. Har a kai ƙarshe kusan ba wani sabon abu da aka shigo da shi, ɗan guntun nan ne ake ta juyawa. Yaron da ya kaɗa wannan sau ɗari, yatsunsa sun ƙware, kuma ya gani da idonsa cewa ba sai mutum yana da tarin dabaru zai tsara kiɗa ba. Ƙwaya ɗaya ta isa in an san yadda ake shuka ta.

Bak bai bar mu da zato ba game da nufinsa. A 1723 ya sake kwafe waɗannan darussa da kyakkyawan rubutu, 15 masu murya biyu da 15 masu murya uku, ya rubuta manufarsu a shafin farko. Abin da ya bayyana shi ne, mai koyo ya iya kaɗa murya biyu tsaf, in ya ci gaba ya iya sarrafa uku. Ya koyi samo guntun kari mai kyau da yadda ake renon sa har ya girma. Ya sa abin kiɗan ya yi kamar yana waƙa. Kuma ya ɗanɗani aikin tsara kiɗa ɗanɗano mai ƙarfi. Turawa suna kiran masu murya biyun da wata kalma mai ma'anar ƙirƙira. Abin takaici, malamai da yawa na baya sun mai da su aikin motsa yatsu kawai, yaro ya haddace ya kaɗa a jarrabawa, ba a taɓa tambayar sa yadda aka gina su ba.

Ana cikin cika wannan kundi ne gidan ya ga babban rashi. A damina ta 1720 Bak ya raka sarki garin Karlsbad, wurin wankan magani. Ko da ya komo ya tarar Mariya Barbara ta rasu, har an binne ta ran 7 ga Yuli, ta bar masa yara huɗu. A watan Disamba na 1721 ya auri Ana Magdalena, ƴar shekara 20, mawaƙiyar fada mai albashinta. A 1722 ya haɗa babban littafinsa na masu madannai. Turawa suna da matakan sauti 12, kowanne ana kafa kiɗa a kansa ta fuska biyu, ya zama 24, shi kuwa ya tsara wa kowanne kiɗan share fage da kuma fuga, wato kiɗan da murya ɗaya ke farawa, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya da kari iri guda kamar masu bin sawu. Goma sha ɗaya daga cikin masu share fagen, a kundin Firidiman suka fara bayyana.

Laifzig: makaranta da gida

A 1723 Bak ya koma birnin Laifzig, ya zama malamin waƙa na makarantar Toma, kuma shugaban kiɗan manyan majami'un birnin. Ba shi majalisar gari ta fara nema ba. Teleman ta so ya ƙi, ta nemi wani mai suna Giraubna sarkinsa ya hana shi, sa'an nan aka waiwayi Bak. A nan ya zauna shekara 27 har mutuwarsa, cikin ginin makarantar, bango ɗaya ya raba iyalinsa da yara ƴan kwana wajen 55. A shekarun farko kusan kowace Lahadi sai ya fitar da sabon kiɗa, matarsa da ƴaƴansa da ɗalibai suna zaune suna kwafe wa kowane makaɗi rabonsa. Manyan ayyukansa na addini, waɗanda suka fi ɗaukaka sunansa a yau, a nan ya tsara su. Rigima da majalisar gari ma ba ta ƙare ba. A watan Agusta na 1730 ya rubuta mata takarda yana kuka da irin yaran da ake ɗauka, ya kasa su uku: 17 masu amfani, 20 waɗanda ba su kai ba tukuna, 17 kuwa ba abin da za a yi da su.

Yadda yake koyarwa mun san shi ta bakin ɗansa Emanuwel, wanda ya bayyana wa Forkel, marubucin da ya fara buga tarihin Bak a 1802. Sabon ɗalibi yakan yi watanni yana koyon taɓa madannai kawai, kowane yatsa ya sami ƙarfi daidai da ɗan'uwansa, har da babban yatsa wanda makaɗan da ba su cika amfani da shi ba. In malam ya ga yaro ya fara gajiya, sai ya ɗauki alƙalami nan take ya tsara masa wani ɗan kiɗa mai daɗi wanda ya ƙunshi wannan motsin da ake so ya koya. Kafin ya ba ɗalibi sabon kiɗa, shi yakan fara kaɗa masa ya ji yadda ya kamata ya fita.

Wajen tsara kiɗa kuwa, bai bi hanyar littattafan zamanin ba, masu tsare ɗalibi shekara da shekaru kan busassun ƙa'idodi. Yakan soma da abin da makaɗi ke bukata yau da gobe. Ana rubuta layin murya ta ƙasa kaɗai, a sa lambobi bisa alamomin, mai kaɗawa ya lissafa da kansa sautukan da hannun dama zai ɗora. Bak yakan sa ɗalibi ya rubuta wannan lissafi a takarda, murya huɗu cif. Daga nan sai waƙoƙin ibada waɗanda kowane yaro ya haddace tun yana goye. Karin waƙar yana sama, malam ya rubuta murya ta ƙasa, ɗalibi ya cika biyu na tsakiya. In hannunsa ya faɗa, sai a janye masa ta ƙasan ma, ya nemo ta da kansa. Sai bayan wannan ake shiga fuga, a fara da mai murya biyu. Kowane mataki, malam yana rage abin da yake bayarwa, ɗalibi yana ƙara abin da yake kawowa.

Yakan kwatanta muryoyin da mutane masu mutunci da ke zaune suna hira. Kowa ya faɗi magana mai ma'ana, kada ya yanke ta a tsakiya, wanda ba shi da abin faɗi ya yi shiru har lokacinsa ya zo. Ba ya kuma son ɗalibi ya riƙa lalube bisa madannai har ya faɗa kan wani abu mai daɗi ya ce ya tsara, so yake a ji kiɗan cikin kai kafin a rubuta. Wani ɗalibinsa mai suna Garba, wato Hainirik Nikolaus Gerber, wanda ya zo wurinsa wajen 1724, ya ba ɗansa labari cewa da darussan nan masu murya biyu aka fara masa, aka bi da kiɗan rawa, sa'an nan babban littafin nan na 24, wanda malam ya kaɗa masa shi daga farko har ƙarshe sau uku. Takardar da ya cika lambobi a kan wani kiɗan goge na Albinoni tana nan, da gyaran Bak a jikinta.

Kada dai a ɗauka mutumin ya zama mai sanyin hali. Emanuwel ya ce uban yana duba ko ɗalibi yana da basirar samo kari nasa tun da wuri, wanda ya ga ba shi da ita yakan gaya masa ƙiri-ƙiri ya bar batun tsara kiɗa. A nan mu ba mu bi shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba kowane icce ke nuna irin ƴaƴan da zai yi tun yana tsiro ba.

A gida kuwa an buɗe wani kundin a 1725, da sunan Ana Magdalena, ya zama na iyali duka. A ciki akwai kiɗan maci da na rawa waɗanda Emanuwel ya tsara yana yaro ya rubuta da hannunsa. Akwai wani ɗan gajere da rubutun ƙaramin yaro mai karkacewa, a ƙarshe kuma ƙa'idodin lambobin nan. Wani kiɗan rawa na cikinsa, wanda miliyoyin yara suka fara piyano da shi ana ce musu na Bak ne, sai a shekarun 1970 aka gano na wani makaɗin birnin Diresdan ne, Kiristiyan Fetsold. A wata wasiƙa ta 1730 Bak ya gaya wa wani abokin ƙuruciyarsa cewa yana iya haɗa taron kiɗa da iyalinsa kaɗai, ya yabi muryar matarsa da ta babbar ɗiyarsa. Sai dai zamanin bai buɗe wa ƴan mata ƙofar wannan sana'a ba kamar yadda ya buɗe wa maza.

Ƙarshen rayuwa da abin da ya biyo baya

Bak ya ga piyano da idonsa. Wani maƙerin ogan, Zilbaman, ya nuna masa nasa a shekarun 1730, Bak ya yabi sautin amma ya ce na sama ba shi da ƙarfi, madannan kuma suna da nauyi. Maƙerin ya ji haushi, amma ya koma ya gyara. Ran 7 ga Mayu na 1747 Bak ya ziyarci fadar Sarki Firedarik na Furusiya a Fotsdam, inda Emanuwel ke aiki. Sarkin ya kaɗa masa wani kari a kan irin wannan piyano, tsohon ya zauna nan take ya gina fuga mai murya uku a kansa, fadawa suna kallo.

Idanunsa suka raunana. A watannin Maris da Afrilu na 1750 wani likitan ido Bature ɗan Ingila, Jon Telo, ya yi masa aiki sau biyu, abin ya ƙara lalacewa. Ya rasu ran 28 ga Yuli na 1750, yana da shekara 65. Ƴaƴa 20 aka haifa masa, bakwai da Mariya Barbara, 13 da Ana Magdalena, goma kaɗai suka girma. Ana Magdalena ta rasu a 1760 tana karɓar taimakon da majalisar gari ke ba matalauta.

Ƴaƴansa huɗu sun zama masu tsara kiɗa sanannu, kuma ba wanda kiɗansa ya yi kama da na uban, kowa ya kama salon zamaninsa. Emanuwel ya sassaƙa kiɗansa na farko bisa farantin ɗab'i da hannunsa a 1731, yana da shekara 17. Daga baya ya buga littafin koyar da masu madannai, kashi na farko a 1753, na biyu a 1762, ya rufe shi da babi kan yadda mutum zai ƙirƙiro kiɗa nan take. Yohan Kiristof Firidirik ya yi aiki a fadar Bukebur har mutuwarsa a 1795. Autan mazan, Yohan Kiristiyan, wanda yake ɗan shekara 14 da uban ya rasu, ya zauna a Landan, yana cikin waɗanda suka fara kaɗa piyano gaban taron jama'a a can. A 1764 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara takwas mai suna Mozar, suka shaƙu, yaron kuma daga baya ya ɗauki kiɗansa uku ya sake musu zubi don koyo. Wani ɗan nasa kuwa, Yohan Gotfirid Barnar, uban ya nemo masa aiki sau biyu, ya ci bashi ya gudu, ya rasu yana da shekara 24.

Bayan rasuwar Bak an daina jin manyan ayyukansa na wani lokaci, sai a 1829 da saurayi Mendelson ya sake gabatar da ɗaya daga cikinsu a Barlin. Littattafan koyarwar kuwa ba su taɓa ɓacewa ba, ɗalibai suna kwafa da hannu suna miƙa wa nasu ɗalibai, don sai a 1801 aka buga su. Ta haka littafin nan na 24 ya isa garin Bon, inda wani malami mai suna Nefe ya koyar da Betoban da shi. Wata mujalla ta 1783 ta ba da labarin yaron yana kaɗa shi, ta kuma ambaci kiɗansa na farko da malamin ya sa aka buga masa.

Firidiman, mai kundi, ya zama gwanin ogan wanda aka ce ba kamarsa a Jamus wajen ƙirƙirar kiɗa nan take. Ya sami aiki a Diresdan a 1733, ya koma Halle a 1746, ya ajiye aikin a 1764 ba tare da ya sami wani ba. Talauci ya sa ya riƙa rabuwa da takardun ubansa, waɗansu ba a sake ganin su ba. Ya rasu a Barlin a 1784. Kundin nasa ya bi hannu-hannu har jami'ar Yel ta ƙasar Amurka ta saye shi a 1932, yana can ajiye. Daga cikin kiɗan rawa biyun nan na farkon littafin, na biyun ya tsaya a tsakiya, ba a ƙarasa shi ba.